Daga Littafin Haraji zuwa Rumbun INEC: Yadda Sunayen Birnin Kudu da Gwaram Suka Shiga Jadawali

Tun kafin a ƙirƙiro Jihar Jigawa a ranar 27 ga Agusta, 1991, Birnin Kudu da Gwaram gundumomi ne a ƙarƙashin Masarautar Kano, kuma mutanensu sun san jadawali tun zamanin En'e. Malamin haraji yakan zauna gaban dagaci ya ja layuka a littafi: sunan mai gida, unguwarsa, abin da aka yanka masa. Gwamna Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali a 1979, amma buƙatar hukuma ta san kowa da sunansa ba ta kau ba. Rajistar masu zaɓe ce ta gaji wannan aiki, sai dai a da mutum gudun shiga littafi yake yi, yanzu kuwa wanda sunansa ya faɗi ya rasa ƙuri'arsa.

Tsarin da ake ajiye irin waɗannan bayanai a yau ya samo asali ne daga maƙalar da Edgar Codd na kamfanin IBM ya wallafa a 1970. Shawararsa ita ce a raba bayanai cikin jadawalai masu alaƙa da juna: na mutane daban, na rumfunan zaɓe daban, na mazaɓu daban, kowane layi da lambar da ke ɗaure shi da ɗan'uwansa. Idan an rubuta Basirka ko Sundumina sau ɗaya, dubban mutanen da ke can lambarta kawai za su ɗauka.

Gwaji mafi girma da Najeriya ta yi wa wannan tsari shi ne na 2011, lokacin da Farfesa Attahiru Jega ke shugabantar INEC. Hukumar ta sayo na'urori 132,000, kowace da kwamfutar cinya, kyamara, abin ɗaukar zanen yatsa da injin buga kati, aka fara rajista ranar 15 ga Janairu, galibi a hannun matasa masu yi wa ƙasa hidima. Ƙidayar 2006 ta ba Birnin Kudu mutum sama da 300,000, Gwaram wajen 270,000, don haka suna cikin ƙananan hukumomin da suka fi nauyi a Jigawa. A ƙauyukansu babu intanet da za a dogara da shi, saboda haka kowace na'ura ta ajiye abin da ta ɗauka a cikinta, daga baya aka tattaro. A ƙarshe aka bayyana masu rajista miliyan 73.5 a faɗin ƙasa.

Nan ne aikin loda bayanai yake farawa, kuma masana wannan fanni suna da ƙa'idoji sanannu. Ta farko, ba a zuba layuka ɗaya bayan ɗaya, domin duk layin da aka tura shi kaɗai sai rumbun ya tsaya ya tabbatar da shi a faifai kafin ya karɓi na gaba. Ana ɗaure su dami-dami, dubbai a lokaci guda, a tabbatar sau ɗaya. Ta biyu, ana dakatar da fihirisa har a gama lodi, sannan a gina ta gaba ɗaya, maimakon a riƙa gyara ta a kan kowane suna. Ta uku, ba a shigar da ɗanyen bayani kai tsaye cikin babban jadawali. Ana sauke shi a jadawalin wucin gadi, a sheƙe shi, a ware mai lahani. Ta huɗu ta shafi fayiloli: suna da ranar haihuwa ba su da nauyi, amma hoton fuska da zanen yatsu goma sun ninka su sau ɗari ko fiye. Shi ya sa ake yawan ajiye su a ma'adana ta dabam, a bar adireshinsu kawai a cikin layin mutum.

Sheƙewar ita ce mafi wahala a ƙasar Hausa. A mazaɓa guda ana iya samun Musa Ibrahim da yawa, kuma mutum ɗaya yana iya zama Muhammadu a wata takarda, Mamman a wata. Da yawa suna ɗaukar sunan garinsu, wasu kuma ba su riƙe ranar haihuwa ba. Suna ba zai iya zama makulli ba, sai lamba da yatsa. Da aka haɗe bayanan 2011 aka gwada zanen yatsu da juna, an cire miliyoyin rajista masu maimaici ko marasa cika, har rajistar zaɓen 2015 ta tsaya a miliyan 68.8 duk da sababbin da aka ƙara.

Darasi mafi tsada ya zo ranar 25 ga Fabrairu, 2023. An tsara cewa na'urar BVAS za ta ɗauki hoton takardar sakamako ta EC8A a kowace rumfa, daga Kila da Sara har Legas, ta tura shafin IReV. Sakamakon 'yan majalisa ya shiga, na shugaban ƙasa ya tsaya sa'o'i. Bayanin da INEC ta bayar a rahotonta na 2024 shi ne, an gina rumbun ne a kan jera kowane zaɓe ƙarƙashin jiha, zaɓen shugaban ƙasa kuwa ba na wata jiha ba ne, sai manhajar ta kasa buɗe masa gurbi. Hotunan suna nan a cikin na'urori, wurin sauke su ne babu.

Kotun Ƙoli ta yanke a Oktoba 2023 cewa wannan tangarɗa ba ta isa ta rushe zaɓen ba, amma jam'iyyun adawa ba su gamsu da bayanin hukumar ba, kuma amanar jama'a ta yi rauni. Ga duk wanda ke shirin kwashe fayilolin asibiti, makaranta ko sakatariya zuwa kwamfuta, tarihin nan yana nuna cewa saurin lodi yana zuwa ne bayan an tsara jadawali, an zaɓi makulli, an kuma gwada kowane irin bayani da zai shigo kafin ranar aiki.