Kakar Wasan 1913 ta Makarantar Soja ta West Point da Shigowar Jifa Gaba a Ƙwallon Amurka

Ƙungiyar ƙwallon Amurka ta makarantar horar da hafsoshin sojan ƙasa da ke West Point, a gaɓar Kogin Hudson cikin jihar New York, ta buga wasa 9 a kakar 1913. Ta ci 8, aka doke ta sau ɗaya. Wannan kashin guda da ta sha a hannun Jami'ar Notre Dame shi ne ya fi shahara a tarihin wasan, har ya rufe abin da ƙungiyar ta yi a sauran kakar. Ra'ayin wannan maƙala shi ne cewa muhimmancin kakar ya fi fitowa a cikin yadda makarantar ta karɓi dabarar da aka kayar da ita da ita, ta yi aiki da ita cikin mako huɗu.

A farkon ƙarni na 20 wasan na ture da murƙushe ne. 'Yan wasa kan dunƙule su danna tsakiyar layin abokan hamayya, mai ƙarfi ya wuce. Mace-macen da aka yi a filaye a 1905 sun sa Shugaba Theodore Roosevelt ya kira wakilan manyan jami'o'i, kuma a 1906 aka halatta jefa ƙwallo gaba domin a watsa cunkoson. West Point na da hannu a wannan gyara, domin hafsanta Palmer Pierce ne shugaban farko na ƙungiyar kula da wasannin jami'o'i da daga baya ta zama NCAA. Ita kanta makarantar ta ɗanɗani ɗacin tsohon salon a 1909, lokacin da ɗalibinta Eugene Byrne ya rasu sakamakon raunin da ya samu a wasa da Harvard, aka soke sauran wasannin shekarar.

Halatta jifan bai sa manyan ƙungiyoyin gabashin ƙasar sun rungume shi ba, saboda dokokin farko sun ɗaure shi tamau. Sai a 1912 aka cire iyakar yadi 20 da aka sa masa, aka mayar da tsawon fili yadi 100, aka ware wani yanki a bayan layin ci inda za a iya cafe ƙwallo, aka ƙara damar kai hari daga uku zuwa huɗu.

Charles Daly, wanda ya yi suna yana ɗan wasa a Harvard da West Point, ya karɓi aikin horarwa a 1913. Wasanninsa huɗu na farko duk nasara ce, ko da yake da ƙyar aka sha a hannun Colgate da Tufts. Ranar 1 ga Nuwamba Notre Dame ta iso daga jihar Indiyana, ƙaramar makarantar Katolika da 'yan gabas ba su ɗauke ta a bakin komai ba. Mai rarraba mata ƙwallo, Gus Dorais, da ɗan gefenta Knute Rockne sun shafe hutun bazara suna gwajin jifa da cafewa a bakin tafki a Cedar Point. Abin da ya rikita sojojin shi ne Rockne ba ya tsayawa jiran ƙwallo. Yana cikin gudu take sauko masa ta saman kafaɗa, ya tare ta da tafin hannu, ya ci gaba. Da aka tafi hutun rabin lokaci maki ɗaya ne tsakani, 14 da 13. Bayan an dawo, duk sa'ad da masu tsaron West Point suka baje don tare jifa, sai Ray Eichenlaub ya keta ta tsakiya da ƙwallo a hannu. Aka tashi 35 da 13, jifan Dorais ya ci yadi 243.

Ana yawan cewa a ranar aka ƙago jifa gaba. Wannan kuskure ne, domin Jami'ar St. Louis a ƙarƙashin Eddie Cochems ta yi amfani da shi sosai tun 1906. Sabon abin shi ne an yi shi a gaban 'yan jaridar New York, a kan ƙungiyar da ake shakka.

Ga ɗaliban West Point kuwa, kaka ba ta yin kyau sai an doke makarantar sojan ruwa ta Annapolis, wadda suke karawa da ita tun 1890. An haɗu ranar 29 ga Nuwamba a filin Polo Grounds na New York, kuma galibin masu hasashe sojan ruwa suka ba nasara. Daly ya saki jifan ta hannun Vernon Prichard zuwa ga Louis Merrilat, West Point ta ci 22 da 9. Makin sojan ruwa duka daga bugun ƙafa uku ya fito, ba su ƙetare layin ci ko sau ɗaya ba.

Prichard da Merrilat 'yan ajin da ya kammala a 1915 ne, tare da Omar Bradley da Dwight Eisenhower, wanda raunin gwiwa ya raba da wasan tun 1912. Da Prichard da Merrilat ƙungiyar ta shiga kakar 1914, ta ci wasanninta 9 duka, ciki har da ramuwa a kan Notre Dame da ci 20 da 7.