Ruhu Ba Ya Tambayar Shekaru: Tauhidin Fentikos da Matasan Ikkilisiya

Masu bayanin yadda matasa ke ƙaura zuwa majami'un Fentikos sukan ɗora abin a kan kiɗa da rawa da lasifika. Wannan bayani bai kai zuciyar maganar ba. Tushenta tauhidi ne, wato wa ke da izinin yin magana da sunan Allah.

A ikkilisiyoyin da mishan ta kafa a Arewa, irin su ECWA da COCIN, izini yana bin tsani. Akwai fasto da ya yi makarantar tauhidi, akwai dattawan ikkilisiya, sai zumuntar matasa can ƙasa, mai shirya benci da rera waƙa. Koyarwar Fentikos kuwa ta kafu a kan Ayyukan Manzanni sura ta 2, inda Bitrus ya jawo annabcin Yowel na zubo Ruhu a kan kowa, har da samari da bayi. Idan baftismar Ruhu Mai Tsarki ce ke ba da iko, kuma alamarta magana da harsuna, to ɗan shekara 19 yana iya ɗora hannu a kan mara lafiya ba tare da jiran furfura ba. A al'ummar da yaro ba ya ɗaga ido gaban babba, wannan ba ƙaramin tayi ba ne.

Shi ya sa motsin Fentikos ya yi ƙarfi a makarantu. W. F. Kumuyi malamin lissafi ne a Jami'ar Legas lokacin da ya fara nazarin Littafi Mai Tsarki da wani ɗan rukuni a 1973, abin da ya zama cocin Deeper Life. A wannan shekarar aka kafa shirin bautar ƙasa, wanda ya kwaso masu digiri daga Kudu zuwa garuruwan Arewa, da yawansu da zafin falkaswa a jika. Ƙungiyar bishara ta CAPRO ta taso a Zariya a 1975 daga irin waɗannan matasa. Sun kuma tarar da fili a share, domin ƙungiyar FCS tana tara ɗalibai Kirista tun 1957 daga Gindiri. David Oyedepo ma a Kaduna ya gina cocin Living Faith kafin ya koma Kudu.

Akwai batun harshe da ba a cika kula da shi ba. Sujadar iyaye da Hausa ce, da Littafin Waƙoƙi a hannu, amma ta Fentikos galibi da Turanci. Ga ɗalibin da ya fito daga ƙauye, sauya coci wani ɓangare ne na zama ɗan birni.

Sai dai matasan jiya sun tsufa. Enoch Adeboye yana jagorancin cocin Redeemed tun 1981, kuma majami'un da suka rushe tsanin dattawa sun gina nasu, mai ɗaure komai ga mutum ɗaya da ake kira "Baba". Saurayin da aka koya wa cewa Ruhu yana magana da shi kai tsaye, in ya ga ba hanyar hawa, sai ya kama hayar shago ya buɗe tasa. Wa'azin wadata ma yana shan tambaya daga masu digirin da suka yi shekaru suna ba da zakka ba aikin yi. A ganina wannan ne ya sa tarukan da ke cika da ɗalibai yanzu, kamar Koinonia na Joshua Selman da ya fara a Zariya, suka fi karkata ga doguwar koyarwa da addu'ar dare, kuma da yawa daga cikin masu sauraronsu a YouTube suke, inda babu dattijon da zai tantance abin da aka faɗa.