Abin da Muka Rubuta a Bayan Faifai

Yau baya zan ɗan koma, zuwa zamanin faifan CD, domin akwai wata asara da ta same mu a ɓoye, kuma alƙalami ne ya jawo kaso mai yawa daga cikinta.

Ita kanta kalmar faifai ta sha tafiya. Daga wanda iyayenmu mata ke rufe ƙwarya da shi ta hau kan na garmaho, sannan ta sauka kan CD. Kamfanonin Sony da Philips ne suka fito da CD a 1982. Wanda mutum zai zuba abinsa a kai kuwa, wato CD-R, sai a 1988 kamfanin Taiyo Yuden na Japan ya ƙera shi. Mu bai wadata a wajenmu ba sai farkon shekarun 2000, lokacin da finafinan Hausa suka fara barin kaset suna komawa VCD. Daga Ƙofar Wambai da Bata a Kano ake lodinsa, ya biyo ta Azare ya sauka Potiskum, saura ya wuce Damaturu da Maiduguri.

Ba fim kaɗai ba. Tafsirin da Sheikh Ja'afar Mahmud Adam ke yi da azumi a Masallacin Indimi na Maiduguri ya shiga gidaje da yawa a kaset da faifai, kuma bayan kashe shi a Kano a watan Afrilun 2007 mutane suka riƙe su kamar gado. Mu kuma da asalinmu yake Damagaram, faifai ya zame mana wasiƙa. A ɗauki biki ko suna a nan, a ba direba ya kai wa dangi, su ma su aiko da nasu.

To sai dai faifan da aka kwafa fari fat yake zuwa, dole a rubuta masa suna. Wani ya sa biro, wani ya manna takarda da gam, wani ya sa irin makar da 'yan kasuwa ke rubutu da ita a kan buhu. A shagon mahaifina ita wannan makar ce a kusa, kuma haka yake a yawancin shaguna.

Ga inda gizo ke saƙar. Kowa gefen da ke ƙyalli yake lallaɓawa, alhali robarsa mai kauri ce, milimita 1.2. Bayanan kuwa can sama suke, dab da inda ake rubutun: rinin da na'ura ke ƙonawa, sai shimfiɗar azurfa ko zinare, sai ɗan fentin kariya da gashin kai ma ya fi shi kauri. Ka danna biro, ka yi masa rauni. Maka mai warin fetur tana iya cin fentin a hankali. Takardar da aka manna kuwa ita ce a ganina ta fi mugunta. A zafinmu na watan Afrilu da ke haura digiri 40 gam yana saki, takarda ta tattare, in ka ɓare ta sai ta taho da azurfar. Ko ba ta ɓare ba, na'ura mai sauri tana juya faifai kusan sau 10,000 a minti ɗaya, ɗan karkacewar nauyi ya isa ya sa ya riƙa sarƙewa. DVD ya fi juriya ta nan, domin bayanansa a tsakiyar roba biyu suke, kowace milimita 0.6.

A 2003 hukumar NIST ta Amurka ta fitar da jagora kan kula da CD da DVD. Abin da ke ciki ba wuya: maka mai laushin baki marar sinadarin da ke narkar da fenti, ban da manna takarda, a ajiye faifai a tsaye cikin gidansa, nesa da rana da zafi. Amma wa ya kawo mana labarin? Mu a leda muke jibge su, wasu ma a gaban mota. Kamfanin HP ya zo da LightScribe a 2004, inda na'urar ke zana sunan da kanta, sai dai yana bukatar faifai na musamman, kuma tuni aka daina yayinsa.

Mai karatu, in kana da ragowar faifan biki ko karatu, ga abin da nake yi. Ina rubuta lamba kawai a ɗan farin zoben da ke kewaye da ramin tsakiya, inda babu bayani ko kaɗan. Sunan taron da shekara da sunayen mutane kuma a jikin gidan faifan da cikin littafi. Wanda ke da tsohuwar takarda a manne, kada a ɓare ta, a fara kwafe shi zuwa kwamfuta da memori tukuna. A yi da wuri kuma, domin yawancin sabbin kwamfutocin cinya ba sa zuwa da wurin sa faifai.

Sai mun sake haɗuwa. Wassalam.