John Charles Frémont: Takobi, Mulki da Zinariya

An haifi John Charles Frémont a garin Savannah na ƙasar Amurka cikin 1813. Ya fara yin suna ne a aikin soja, wajen auna ƙasa da zana taswirar yammacin Amurka. A 1847 ya sayi filin Mariposa a Kalifoniya a kan dala 3,000, ba a jima ba aka sami zinariya a cikinsa. Ya shiga Majalisar Dattijai a 1850. A 1856 kuwa shi ne mutum na farko da jam'iyyar Republican ta tsayar takarar shugaban ƙasa, amma Buchanan ya kayar da shi.

Da yaƙin basasa ya ɓarke a 1861, sai ya yi shelar 'yanta bayin 'yan tawaye a Missouri ba da iznin Shugaba Lincoln ba. Aka soke shelar, daga bisani aka sauke shi. Bashi da shari'o'i suka dabaibaye Mariposa har ya sayar a 1863, harkar jirgin ƙasa ta lashe sauran dukiyar. Ya rasu a New York cikin 1890, hannu ba komai. Hausawa sun ce taura biyu ba ta taunuwa, shi kuwa uku ya haɗa.