Hatimi Tsakanin Lissafi da Asiri: Muhammadu al-Katsinawi

Duk wanda ya zauna zauren malami a Anka, ko Gummi, ko Bukkuyum, ya san hatimin nan mai gida tara. Akan jera lambobi daga 1 har 9 a cikinsa, kowane layi, a tsaye ko a kwance ko a karkace, ya ba da 15. Masu hisabi sukan ƙara da cewa sunan Hawwa'u a ƙidayar haruffa 15 ne, na Adamu kuwa 45, watau jimlar gidajen duka, sa'an nan su ce akwai asiri a ciki. Maganar farko kowane yaro yana iya gwada ta a kan allo. Ta biyun ita ce malamai suka daɗe suna jayayya a kanta.

Ba wanda ya shahara da wannan fanni a ƙasar Hausa kamar Muhammadu ɗan Muhammadu, Bafillacen Katsina. Ya yi karatu wurin Muhammadu al-Wali na Bagarmi, ya yi hajji, ya zauna Alkahira. Wajen 1732 ya gama littafinsa Bahjatul Afaƙi, inda ya bayyana hanyoyin cika hatimi mai mara, irin mai gida uku uku ko biyar biyar a kowane gefe. Wannan aikin lissafi ne sosai, gama ƙa'idar ba ta saɓawa: mai biyar biyar, in an jera 1 har 25, tilas kowane layi ya ba da 65, ko a hannun wa. Amma shi wannan malami shi ne kuma ya wallafa Durrul Manzumi a kan ɗalasimai da taurari. A wurinsa fannonin biyu gida ɗaya suke.

Imamu Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya riga ya yanke cewa lissafi a kan kansa ba ya karo da addini, har ya zargi jahilin masoyi mai musun lissafin husufi wai don kāre Musulunci. Abin mamaki, hatimin nan mai gida tara da sunan Gazalin ake kiransa. Ibn Haldun kuwa ya haɗa ilmin asirin haruffa da sihiri. Shehu Usmanu, wanda ya yi shekaru yana wa'azi a Zamfara kafin jihadin 1804, ya tsananta a kan masu duba da masu da'awar sanin gaibu ta hanyar taurari, alhali rabon gado, wanda ba ya yiwuwa sai da lissafi, yana cikin karatun jama'arsa. Iyakar da aka ja ke nan: ba a hana ƙidaya ba, da'awar gaibu aka hana.

Al-Katsinawi ya rasu a 1741 a Alkahira, a gidan Hasan al-Jabarti. Ɗan mai gidan, Abdurrahman, shi ya rubuta labarinsa cikin tarihinsa na Masar.