Daga kyautar doki zuwa memori: wa ke cin kuɗin waƙa?

1/ Jiya a mota daga Sakkwato zuwa gida Kwargaba, direba ya sa waƙar Shago ta Ɗan Anace tun daga tasha har Wurno. Kowa na kaɗa kai. Ni ko tambaya ɗaya ta tsaya min a rai: wanga jin daɗi da munka yi, ko sisi ya kai ga iyalansa? Ku biyo ni.

2/ A da lissafin a fili yake. Makaɗin fada irin Narambaɗa ko Salihu Jankiɗi yana da ubangida. Ya yi waƙa, a ba shi doki, riga, hatsi, wani lokacin har kujerar Makka. Makaɗin dambe kuma 'yan kallo ke yi masa kari a fage. Sai ka zo wurin za ka ji, in ka ji kuma ka ba da.

3/ Faifan garmaho da rediyo suka raba murya da mai ita. Gidan rediyon Kaduna da Rima Radio sun kai waƙa ƙauyukan da makaɗin bai taɓa takawa ba. Suna ya ƙaru, gayyata ta ƙaru. Da kaset ya zo, duk mai rikoda biyu ya zama kamfani.

4/ Doka fa akwai. An yi dokar haƙƙin mallaka a 1988, hukumar NCC ta fara aiki a 1989, Buhari ya sa hannu kan sabuwa a Maris 2023. Haƙƙin waƙa na nan har shekara 70 bayan rasuwar mai ita. Shata ya rasu 1999, ke nan na magadansa ne har 2069. Ku duba tashoshi nawa ke ɗora shi a YouTube.

5/ Ni ma ba na wanke kaina. Ina JSS nake kai memori wurin mai turi a kasuwa, ya cika min da waƙoƙi a kan 'yan canji. Daga baya Xender ta kashe masa kasuwa shi ma.

6/ Spotify ya shigo Najeriya a 2021, ya ce ya biya mawaƙan ƙasar nan sama da naira biliyan 58 a 2024. Amma kuɗin na bin wanda ya saurara a manhajar ne. Mu nan data tsada, network sai a hankali. Mutum ɗaya ya sauke, unguwa ta samu. Waƙa ta karaɗe Rabah da Goronyo, a lissafin kamfani sauraro ɗaya ne.

7/ Abokina da muke aji ɗaya yana waƙa. Wata tasa ta zagaya TikTok, bai ga ko kwabo ba. Abin da ya biya masa kuɗin rajista bana waƙar biki ce da ta wani ɗan takara, kuɗi hannu kafin ya shiga studiyo. Na ce masa ai ka koma zamanin Jankiɗi. Ya ce shi Jankiɗi ko doki ya samu.