Labarin Makaɗan Aragón Na Ƙasar Kuba

Ku 'yan makaranta, in kun buɗe taswirar duniya, kuka dubi yamma da Afirka, ƙetaren babban teku, za ku ga wani dogon tsibiri kudu da Amurka. Sunansa Kuba. Mutanen Sifen suka mallake shi shekara wajen 400, suka yi ta kwasar bayi daga ƙasashen baƙar fata suna kai su noman rake, ba a kuwa hana bauta can ba sai cikin 1886. Bayin nan sun tafi da kiɗansu a ka, Turawa kuma suka zo da gogensu da sarewarsu. Da abin ya gauraya sai ya haifi kiɗan rawa iri iri. Labarin wata ƙungiya ta masu wannan kiɗa za mu ba ku yau, don ku ga abin da ke sa taron mutane ya daɗe bai watse ba.

A Cienfuegos, wani gari na bakin teku a kudancin tsibirin, an yi wani mutum ana ce da shi Orestes Aragón. Shi ke kaɗa babban gogen nan da a ke kafawa ƙasa, a tsaya a ja tsirkiyarsa da yatsa. Cikin watan Satumba na 1939 ya tara waɗansu samari suka fara kiɗa gidajen biki. Kayansu ba su da yawa: gogen Turawa, da sarewar itace, da fiyano, da 'yan ganguna, da wani duma mai tsage-tsage wanda a ke karzawa da tsinke. Irin wannan ƙungiya ita su ke kira charanga.

To, ga abin lura. A ƙasarmu, in an tashi daga wasa, uban kiɗa ya kan ɗebi babban rabo, 'yan amshi su raba saura. Aragón ya ƙi wannan. Ya kafa doka, abin da aka samu duka a raba daidai wa daida, babba da yaro. Tun dā maharba sun san wannan magana: wanda ya yi rabon zalunci ran da aka kashe nama, gobe ba mai bin sa farauta.

Amfanin dokar ya bayyana cikin 1948, sa'ad da ciwon huhu ya kwantar da Aragón. Maimakon su watse, sai suka shugabantar da Rafael Lay, wanda ya shigo cikinsu da gogensa tun 1940 yana ɗan shekara 13. Lay bai sāke sunan ƙungiya ya sa nasa ba, ya bar ta da sunan maigidansa.

Cikin 1953 kamfanin RCA Victor ya fara ɗaukar kiɗansu a faifan garmaho. Sun kuwa taki sa'a, gama a shekaran nan ne wata sabuwar rawa ta game Habana, babban birnin ƙasar, watau cha-cha-cha, wadda wani mai goge, Enrique Jorrín, ya ƙago. An ce daga ƙarar tafin ƙafar masu rawa ta samo sunanta. Ba mutanen Aragón suka ƙago ta ba, amma su suka fi kowa gwaninta da ita, balle da suka sami Richard Egües, mai busa sarewa. Shi ya tsara waƙar El bodeguero, watau mai kanti, wadda ta kai har Nat King Cole, mawaƙin Amurka, ya sa ta cikin faifansa na 1958. Wata alama tasu kuma ita ce, mawaƙansu kan haɗa murya su rera tare kamar bakin mutum guda.

Da aka yi juyin mulki a Kuba cikin 1959, makaɗa da yawa suka bar ƙasar. Su dai suka zauna gida, suka koma yin faifai a EGREM, kamfanin gwamnati wanda aka kafa cikin 1964. Shekara guda bayan wannan suka yi wasa a birnin Faris.

Kafin su taka ƙasar Afirka kuwa, kiɗan Kuba ya riga su isowa. Tun 1933 kamfanin His Master's Voice ya fara fid da waɗansu faifai masu lamba GV, aka yi ta sayar da su a garuruwan Afirka, mutane suka ji ganga irin ta gida cikin baƙon harshe. Cikin 1964 gwamnatin Mali ta aika da samari 10 Habana koyon kiɗa, cikinsu har da Boncana Maïga, mutumin Gao. Can suka kafa charanga tasu, Maravillas de Mali. Su kansu makaɗan Aragón suka fara zuwa Afirka cikin 1971, suka yi ta komowa. Daga abin da suka ji a Gini ne ɗayansu, Tomás Valdés, ya tsara wani sabon kiɗa, chaonda. Kun ga ke nan, abin da ya tafi cikin jirgin bayi ya komo cikin faifai, ya kuma sāke ɗaukar guzuri.

Jarrabawa mafi tsanani ta zo cikin 1982, ran da Rafael Lay ya mutu a haɗarin mota. Cikin 1984 Egües kuma ya fita. Mutane suka zaci ƙarshe ya zo, sai ga ɗan Lay, mai sunan ubansa, ya karɓi shugabanci. Cikin 1998 da 1999 suka yi sababbin faifai a kamfanin Lusafrica na Faris, shekara 60 ke nan bayan wasansu na fari.

Saboda haka, ku da za ku fita makaranta ku riƙe aikin jama'a, ku tuna da mutumin nan na Cienfuegos. Shekara 9 kaɗai ya yi yana shugabanci, amma sunansa ya zagaya duniya a bisa faifai, don ya gina gidansa kan adalci. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.